Rasuwar Mapatano, Jirgin da Bai Taɓa Tafiya a Miƙe Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yau ruwan gishiri bai gama fita daga cikinsu ba, ni Somoe 'yar marigayi Lali masassaƙin jirage, a madadin kaina da maigidana Bwanaheri da yayyena biyu, Famau da Mbwana, waɗanda ba su yarda a haɗa sunayensu a layi ɗaya ba amma ga shi na haɗa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Matondoni da Kipungani da Shela, da duk wanda ya taɓa jiƙa bakin zanensa a cikinsa, rasuwar jirginmu abin ƙaunarmu, Mapatano. Ya cika ranar Asabar da hantsi a bakin gaɓar garinmu, daidai inda aka haife shi, a gaban jama'a, da tukwanen shinkafar biki a cikinsa. Ya rasu yana da shekarun da in mutum ne sai a ce ya fara furfura, a jirgi kuwa sai a ce ya ga jikoki.

Asalin marigayi ba ɓoyayye ba ne. Mahaifinmu ne ya kafa ƙashin bayansa, wato dogon itacen nan guda ɗaya da ake shimfiɗawa a ƙasa a gina jirgi duka a kansa. Ya tsayar masa da gaba, ya tsayar masa da baya, sai ajali ya riske shi kafin ya ɗora haƙarƙari ko ɗaya. Ya bar ƙashin bayan nan a kwance ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa, ya bar gizago guda ɗaya, ya kuma bar 'ya'ya maza biyu da kowannensu ya rantse Baba ya ja shi gefe ya ce masa shi ne magajin gizagon. Ni na san Baba. Ba na shakkar ya gaya wa kowannensu haka, don mutum ne da ba ya son ganin fuska a ɗaure. Ba a tashi daga zaman makoki ba aka fara ja, wannan ya kama ƙota, wannan ya kama baki. Da na ga za a zubar da jini sai na sa hannu na karɓe, na kai shi madafata. Tun ranar da shi nake fasa kwakwa, kuma tun ranar Yaya Famau da Yaya Mbwana ba su sake yi wa juna magana baki da baki ba.

Magana kam suna yi, sai dai ta kaina take bi. Ko a tabarma ɗaya suke zaune, gwiwa na gugar gwiwa, sai Yaya Famau ya juyo gare ni.

“Somoe, gaya wa wancan turmin ya janye ƙafarsa.”

Yaya Mbwana kuma ya ce, “Auta, gaya wa wannan gwangwalar ƙafata ce, inda na ga dama nan zan ajiye ta.”

Ni kuma in juya dama in ce an ji, in juya hagu in ce an gode. A haka na yi aure, a haka na haihu, a haka na aurar. Wuyana ya riga sauran jikina tsufa.

Da aka zo rabon gado bayan wasu shekaru, ƙashin bayan jirgin ni ya faɗo wa, saboda babu wanda zai yarda ɗan'uwansa ya ɗauka. Na ce to, tunda nawa ne, ku biyu za ku gina mini shi: Yaya Famau ɓangaren dama, Yaya Mbwana ɓangaren hagu. Lissafina shi ne mutum biyu ba za su yi wata da watanni suna aiki a kan itace ɗaya ba tare da wani ya ce wa wani miƙo mini ƙusa ba. Na raɗa masa suna Mapatano, wato jituwa, tun bai zama jirgi ba. Suka amsa da sauri, kowa yana son gari ya ga wanda ya gaji Lali da gaske. Washegari na iso rumfa na tarar sun rataya wani tsohon zanen jirgi, wato ƙyallen nan da iska ke turawa, a tsakiya, daga gaba har baya, don kada ido ya haɗu da ido.

Kowa ya san a nan ba a zana jirgi a takarda. Masassaƙi da idonsa yake aiki, da zaren da ya tsoma a jan ƙasa, da kamun hannunsa daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. An daidaita kowane awo ta bakina. Faɗi kamu kaza, zurfi kamu kaza, tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari kamu kaza. Ina shaida a gaban kowa cewa babu wanda ya saɓa alkawari ko da faɗin farce. Abin da babu wanda ya tuna shi ne Yaya Famau mutum ne da ke tsinko mangwaro yana zaune, Yaya Mbwana kuwa in bayansa ya yi ƙaiƙayi sai ya nemi bango.

Ranar da aka sauke zanen tsakiya, garin nan ya yi tsit, har jakuna suka daina kuka. Ɓangaren dama ya fito da tumbi kamar mai shirin haihuwa, don dogayen katakai ba su da inda za su je tsakanin gaba da bayan da Baba ya tsayar, sai suka bankaro waje. Ɓangaren hagu kuwa ya lafe tsaf. Idanun nan biyu na katako da ake maƙala wa jirgi a goshi don ya ga hanya, na dama yana kallon sama, na hagu yana kallon kifi. Maigidana, wanda shi zai tuƙa, ya zagaya marigayi ya sake zagayawa, sa'an nan ya matso kusa da kunnena.

“Somoe, Allah Ya sa alheri. Amma wannan jirgi ne, ko jirage?”

“Jirgi ne, Baban Rukiya. Yi murmushi, mutane na kallo.”

Aka yanka akuya, aka yi addu'a, maza suka kama igiya suna waƙar ja, mata muna guɗa. Marigayi ya sulale ya shiga ruwa cikin natsuwa, ya tafi kamar abin kirki, sai ya karkata hagu, ya ci gaba da karkata, ya yi wani faffaɗan zagaye a gaban gari, ya dawo ya tsaya a gabanmu kamar wanda ya manta wani abu a gida.

Yaya Famau ya ce, “Somoe, gaya masa ga sakamakon guntun hannu nan. Rabinsa ya ƙare tafiya, nawa bai gama ba.”

Yaya Mbwana ya gyara hularsa. “Auta, gaya masa jirgi ba mahaukaci ba ne. Ya san ubansa, wajensa yake juyowa.”

Daga ranar har ranar da ya cika, marigayi bai taɓa sauya wannan hali ba, kuma wannan shi ne na farko cikin kyawawan ɗabi'unsa: mai ra'ayi ɗaya ne. Iskar kudu ta zo, hagu. Iskar arewa ta zo, hagu. Ya ɗauki duwatsun gini, ya ɗauki itacen rufi daga cikin kurmin bakin ruwa, ya ɗauki kwakwa, ya ɗauki amare da kayansu, ya ɗauki jakuna. Babu kayan da bai kai ba, sai dai ya kai su ta hanyar da shi ya ga dama. Mutanen Shela in suka hango jirgi ya nufi tsibirin Manda gadan-gadan sai su fara shimfiɗa tabarma, sun san Mapatano ne zai zo wajensu.

Mai son gida ne ƙwarai. Sau ɗaya wasu baƙin ɓarayi, da ba su yi tambaya ba kafin su yi sata, suka kwance shi daga maɗaurinsa. Da gari ya waye muka same su zaune a cikinsa daidai inda suka ɗauke shi, idanu sun yi ja, ɗaya yana ta amai. Sun ce sun ga garinmu ya wuce su sau da yawa har suka daina ƙirga, suka ɗauka duk garuruwan yankin nan masallaci iri ɗaya suke ginawa. Ba mu kai su ko'ina ba. Na ba su gahawa da ƙosan kwakwa mai zaƙi, don sun sha wahalar da ta isa.

Mai zuciya ne kuma. Shekarar da aka tsara tseren jiragen Maulidi a kewaya tuta ta hagu, marigayi ya sha kwanar nan tun sauran jirage suna kokawa da igiyoyinsu, ya zo na ɗaya. Yaya Famau ya yi walima a gidansa don tumbin dama ne ya ture ruwa. Yaya Mbwana ya yi walima a nasa gidan don hagu ne ya ja ragama. Na ci abinci gida biyu a yini ɗaya. Da shekara ta zagayo masu hassada suka mayar da kwanar ta dama, kuma ba na son a tayar da maganar inda aka je aka ciro mu.

Ba zan rufe babin halayensa ba sai na ambaci muryarsa, don ita ce ta fi tsaya mini a rai. In igiyar ruwa ta buge shi, ɓangaren dama yakan ja dogon ƙorafi, ƙiiiiiƙ, sai na hagu ya katse shi da gajeriyar amsa, gwaf. Ƙiiiiiƙ, gwaf. Ƙiiiiiƙ, gwaf. Daga nan har Faza haka za su yi ta yi, babu mai barin wani ya yi ta ƙarshe. Baƙi suna tsorata. Ni kuwa ina jingina da jigon zane in lumshe ido, don a duk duniya a cikin jirgin nan kaɗai nake jin yayyena suna gardama ba tare da an bi ta kaina ba.

Wani injiniyan jirage daga Mombasa ya taɓa zuwa duba lafiyar jiragen yankinmu, mutumin kirki mai haƙuri. Ya auna dama ya rubuta, ya auna hagu ya rubuta, ya cire tabarau ya goge, ya sake aunawa. Daga nan ya zauna a kan yashi.

“Mama, gaskiya zan faɗa miki. Rabin nan na dama aikin gwani ne. Rabin nan na hagu ma aikin gwani ne. Ina ma a ce zan ga sauran rabin kowannensu.”

Ya kuma nuna ƙasan cikin, inda katakan farko suka kama ƙashin baya, ya ce nan ne ɓangarorin biyu ke ja-in-ja, a riƙa kula da wurin. Yaya Famau ya haddace yabon dama, Yaya Mbwana ya haddace na hagu. Gargaɗin ƙarshen bai sami mai ɗauka ba.

Nan ciwon ajali ya samo asali. Duk shekara in ruwa ya janye ana kwantar da marigayi a kan yashi a yi masa jinya: a kankare, a cusa auduga da man kwakwa a tsakanin katakai, a shafe ciki da farar ƙasa da kitse saboda tsutsar ruwa mai cin itace. Babu jirgin da ya sami gata irin nasa. Yaya Famau yana lallashin dama kamar jariri. Yaya Mbwana yana goge hagu har ka ga fuskarka. Amma wanda zai yi wa can ƙasan ciki aiki sai ya kwanta rigingine ya kutsa ƙarƙashi, kuma wanda ya kutsa ƙarƙashi daga dama, fuskar wanda ya kutso daga hagu zai gani. Saboda haka kowa yakan tsaya daidai inda hannunsa ya kai yana durƙushe, ya miƙe, ya ce sauran na wancan ne. Maigidana ya taɓa ɗaukar auduga zai shiga, suka yi masa ca ta bakina, wai matuƙi ya tsaya a tuƙinsa. Tsutsa kuwa ba ta san dama ba, ba ta san hagu ba, ta sami tsakiya babu mai gadi ta tare da iyalinta.

Alamun ciwo sun daɗe da bayyana. Marigayi ya fara tara ruwa a ciki. Ƙiiiiiƙ ɗinsa ya dishe, gwaf ɗinsa ya koma gwaɓ. Mun saya masa yankakkiyar jarka ta kwalfar ruwa, muka ce tsufa ne.

Ranar Asabar ɗin, biki za mu kai Kipungani, na jikar ƙanwar mahaifiyarmu. Dole yayyena su je, kuma babu wanda zai hau wani jirgi a ce ya guji aikin hannunsa. Yaya Famau ya zauna a dama yana kallon teku, Yaya Mbwana ya zauna a hagu yana kallon tsibiri, ni a tsakiya da faranti babba na alewa a cinya, tukwanen shinkafa a gabana, maigidana a baya ya rungume sandar tuƙi. Mun yi nisa, gari ya koma ɗan fari-fari a bayanmu, sai na ji sanyi a idon sawuna. Kafin in gama duba ƙasa sanyin ya kai ƙwauri. Wata tukunya ta ɗaga da kanta ta fara yawo.

“Somoe,” in ji Yaya Famau, bai ko waiwayo ba, “gaya masa ɓangarensa na yoyo.”

“Auta, gaya masa ruwan daga dama yake gangarowa, ina jin warin aikinsa a ciki.”

Na dube su, tsofaffi biyu, ɗaya idonsa ya fara hazo har yana gaishe da turken jaki, ɗaya tari ba ya barinsa ya gama dariya. Na dubi ruwan. Tsoro ya kama ni, kuma ba tsoron nitsewa kaɗai ba. Abin da ya daɗe yana hana ni sakewa shi ne ranar da zan aika sanarwa irin wannan a kan ɗayansu, ɗayan kuma ya tsaya a bakin kabari ya juyo ya ce, Somoe, gaya masa. Na ɗora farantin alewa a kaina, na riƙe da hannu biyu.

“Yau kam na kurumce,” na ce. “Mai magana ya yi da wanda yake nufi.”

Ruwa ya kai gwiwa. Jarkar kwalfa ta taso ta yi iyo ta wuce can gaba, ta maƙale a ƙarƙashin goshi inda ƙafa ba ta zuwa. Maigidana yana ta salati yana danne sanda. Yaya Mbwana ya miƙa hannu, ya miƙa, ya ƙara da yatsu, ko kusa bai kai ba. Ya yi tari. Sa'an nan ya juya ya dubi wansa.

“Famau! Miƙo jarkar can. Hannunka ya fi tsawo.”

Wallahi sai da alewa ta kusa suɓuce mini. Yaya Famau ya juyo a hankali, bakinsa a buɗe.

“Me ka ce?”

“Ka ji ni, gwangwala! Ko kai ma ka kurumce? Za mu mutu kana neman a maimaita maka!”

Dogon hannun nan ya tafi, ya tafi, ya dawo da jarka. Sai Yaya Famau ya cire rawaninsa ya cusa wa ƙaninsa.

“To kai kuma kutsa ƙarƙashin katakon zaman nan ka toshe ramin. Ni ba zan shiga ba, kai aka halitta domin wurin.”

“Ramin ma a ɓangarenka yake!”

“Ƙarya kake, a tsakiya yake!”

“To a tsakiyar ma ya fi kusa da kai!”

Haka suka yi ta yi, ɗaya na kwalfa ɗaya na toshiya, zagi na tashi kai tsaye daga baki zuwa kunne babu dillali. Ni ina tsaye cikin ruwa har cinya, alewa a kai, ina kuka ina dariya. Ruwa ya fi ƙarfin jarka, maigidana ya saki sandar tuƙi ya juye wata tukunya ya kama kwalfa da ita. Marigayi kuwa, da ya ji an sake shi karo na farko a rayuwarsa, babu mai danne shi, babu mai gyara masa ra'ayi, sai ya yi abin da ya iya. Ya karkata hagu. Ya yi faffaɗan zagayensa cikin nauyi da nishi, ruwa na shiga yana tafiya, har muka ga masallacinmu ya dawo gabanmu. Ya ja ciki ya hau yashin Matondoni, ya tsaya sai da na ƙarshenmu ya sauka. Sa'an nan ɓangarorin nan biyu, da ba su taɓa faɗar abu ɗaya ba, suka yi ƙara guda tare, ƙaaaf, ya buɗe ta tsakiya. Dama ta kwanta dama, hagu ta kwanta hagu, shinkafa ta bi ruwa. Alewa ce kaɗai ta isa Kipungani, a kan jaki.

Marigayi ya rasu ya bar maigidana Bwanaheri, wanda shekarun danne sandar tuƙi suka sa damtsensa ɗaya ya ninka ɗaya, kuma har yau in ya nufi masallaci sai an tare shi a ƙofar mai gahawa an juya shi. Ya bar zane guda mai faci, da ƙarfen anka na tsayar da shi, da jarka wadda ta yi iya ƙoƙarinta. Ya bar idanu biyu da ba su taɓa kallon abu ɗaya ba. Ya bar tsutsotsi masu yawa, waɗanda ba ma karɓar ta'aziyyarsu. Ya bar ƙashin baya lafiya lau, don itacen da Baba ya zaɓa ko tsutsa ta gwada ta haƙura. Ya kuma bar ubanni biyu, waɗanda da ƙafarsu ta taɓa tudu kowa ya matse zanensa ya nufi gidansa, wannan ta gabas wannan ta yamma, ba su sake cewa uffan ba. Kwanakin nan na yi su ne da zuciya a hannu, ina tunanin ko maganar nan ta cikin ruwa ce kawai, ta bi shinkafa.

Game da jana'iza. Na je wajen liman, ya ce Somoe, ba a yi wa katako salla, kuma kada in sake tambayarsa a gaban mutane. Na karɓa. Za a yi addu'a ga mahaifinmu Lali da sauran magabata, sa'an nan a yi wa marigayi abin da ake yi wa jirgin da ya gama aikinsa, wato a kwance shi katako-katako. Za a fara ranar Alhamis da safe in ruwa ya janye, a bakin gaɓa inda yake kwance. Katakan dama za su zama ƙofa, na hagu za su zama gado, ko kuwa akasin haka, gwargwadon wanda ya fi ɗaga murya. Ƙashin baya ba ya rabuwa. Za a mayar da shi ƙarƙashin rumfa, kuma duk jirgin da za a sake ginawa a kansa da kamun hannuna za a auna shi, dama da hagu, ko da zai fito ɗan ƙarami.

Masu zuwa su sani ƙusoshin marigayi irin na maƙera ne, an buga su daga waje an lanƙwashe bakinsu daga ciki. Ba sa fita sai da mutum biyu, ɗaya a ciki yana miƙar da baki yana bugowa, ɗaya a waje yana ja, kuma sai na waje ya ce ja nake, na ciki ya ce bugo nake, in ba haka ba wani ya rasa yatsa. Na hana kowane masassaƙi a garin nan taɓa ƙusa ko ɗaya. Iyayensa su yi masa sutura. Gizagon Baba zai fito daga madafa a ranar, na wanke shi, sai dai har yanzu yana ƙanshin kwakwa. Guda ɗaya ne, aikin kuma ɓangare biyu, saboda haka sai an riƙa miƙa shi ta saman ƙashin baya daga hannu zuwa hannu.

Ina roƙon jama'a alfarma ɗaya. Duk wanda ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya juyo ya ce masa gaya wa wancan, ya dubi teku ya yi kamar yana ƙirga jirage. Mai gahawa ya ji, liman ya ji, yara ma an gaya musu.

Ina cikin rubuta wannan sanarwa jiya da la'asar, sai ga Yaya Famau ya sunkuyo ta ƙofata, ya gaishe da tulun ruwa, sa'an nan ya gane inda nake.

“Somoe, batun Alhamis ɗin nan. Ki gaya wa wancan turmin, in ya sake ya zo mini da guntuwar gudumarsa mai kama da…”

Sai ya tsaya. Na ajiye alƙalami.

“Kai, bar shi ma,” ya ce. “Ke duk zagin da aka ba ki sai kin rage masa gishiri a hanya. Shekara da shekaru mutumin nan bai ji shi yadda na aiko ba. Ina yake yanzu, yana gida?”

“Yana gida, Yaya.”

Ya juya ya fita. Na leƙa ta taga na ga ya bi hanyar yamma, yana tafe yana motsa baki yana shirya kalmominsa. Ba a jima ba unguwa ta ɗauka, murya mai ja da murya mai katsewa, ƙiiiiiƙ da gwaf, har kaji suka watse. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi wa jirgin ba.

Saboda haka an ƙara shinkafar Alhamis, za a kuma yi alewa. Mata su zo da faranti, maza su zo da haƙuri. Wanda ya iso ya tarar da tsofaffi biyu a kan gawa suna zagin juna har jijiyar wuya ta tashi, don girman Allah kada ya raba su. Ya nemi inuwa ya zauna, za a kawo masa gahawa.

Mai sanarwa,
Somoe 'yar Lali, uwar marigayi, Matondoni.